Ram Biyu, Iri Guda

Da kwali bisa kai ya shigo shagon, gumi na zuba kamar wanda ya ɗauko buhun albasa tun daga fadama. Shagon Malam George ne na kusa da tashar Wurno, inda ake buga takardu da gyaran kwamfuta. Shi Malam George mutumin Zuru ne, malamin makaranta, da safe shina aji. Shi ya sa ya bar shagon hannun Mahbuba, ɗiyar Malam Sa'adu manomi, wadda ta yi karatun kwamfuta Sakkwato.

Mai kwalin kuwa Halliru ne, ɗan Goronyo.

"Salamu alaikum. Ina injiniyan?"

"Wa alaikumus salam. Ga ta gabanka."

Ya waiga dama, ya waiga hagu, bai ga kowa ba sai yarinya da hijabi ruwan toka da sukundireba a hannu. Ta ɗago ta dube shi. To, daga nan kwalin ya so kuɓuce mashi.

"Aje shi ƙasa kafin ka kashe ta tun ba ta yi rai ba," in ji ta. "Mi ag gare ta?"

Ya aje, ya share fuska. Ya ce kwamfuta ce ta hannu ya sayo Sakkwato. Shagon gem yake son buɗewa bakin kasuwar Goronyo, samari su riƙa buga ƙwallo bisa allon kwamfuta. Ba komai cikinta, ko kunnawa anka yi sai baƙin allo.

"Kuma wani abokina ya ce in sa Linux. Wai kyauta ce, ba ta kama bairos."

"Gaskiya ya hwaɗi, tana da kyau. Amma kai mi kake so ka yi da ita? Karatu ko ƙwallo?"

"Ƙwallo."

"To gem ɗin ƙwallon da samarinku ke so, Windows yake nema. In ka sa waccan, kullum kana nan kana yi mani kuka."

"Ai ba laihi ba ne in kullum ina nan."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Amma sukundireban sai da ya zame daga kan noti.

Ta buɗe cikin kwamfutar, ta nuna mashi wata 'yar siririyar aba kamar tsinken tsire mai faɗi. Ta ce wannan ce ram, ita ke riƙe wa kwamfuta abin da take aiki da shi nan take. In ta yi kaɗan, ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya buga ƙwallo, ya tsaya nan sandare har sai an yi sallar la'asar.

"Wagga gig huɗu ce. Ba ta isa. Sha shidda kake buƙata."

"To in sayo guda babba mai sha shidda."

"A'a. Sayo biyu, takwas takwas, iri guda, kamfani guda. Kuna da shanun huɗa gidanku?"

"Akwai na kawuna."

"Ka taɓa ganin an ɗaura bijimi da maraƙi karkiya guda?"

Halliru ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce yau ya ga injiniya mai huɗa. Ta rubuta mashi irin da zai sayo, ya roƙi lambarta wai ko da zai rikice wajen mai kaya. Bai rikice ba, amma ya kira har sau ba adadi.

Da ya kawo ram ɗin ta sa su da hannunta, ta ɗora Windows, ta ɗora gem. 'Yan wasa sunka riƙa gudu bisa allo sumul kamar ruwa cikin kwalbati. Za ya tafi ta ja mashi kunne.

"Windows iri biyu ce. Akwai mai talatin da biyu, akwai mai sittin da huɗu. Mai sittin da huɗu na sa maka. Kar ka bari kowa ya sauya."

"Na ji, ranki shi daɗe."

Bai ji ba. Idonta yake kallo.

Da la'asar ya turo saƙo: "Injiniyata, mun iso lahiya ni da shanun huɗa. Suna ja yadda kika ce. Saura mai shanun, shi har yanzu shi kaɗai yake ja."

Ta amsa: "Kyaftin, mai shanu ya yi haƙuri. Ba a sayen abokin karkiya da gaggawa, sai an duba haƙora."

Shago ya kankama. Samari sunka cika benci, wasu har daga Rimawa suke hawo mashin su zo. Halliru kuwa ya mai da hanyar Wurno kamar hanyar masallaci. Yau linzamin kwamfuta ya ƙi motsi, gobe fanka na ƙara. Malam George ya gane, ya ce mashi, "Ɗana, kwamfutar nan lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka da lafiya, kuma maganinka ba ya cikin shagona. Je ka ga mahaifinta."

Halliru ya tura kawunsa da wasu dattawa neman aure. Malam Sa'adu ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, amma da anka zo ga sana'a sai fuska ta sauya.

"Gem? Wanga abin da ke hana yara salla? In ba da ɗiyata ga mai tara yaran mutane suna ihu gaban allo? Ku ba ni lokaci."

Da ma akwai wanda zuciyarsa ta fi kwantawa da shi, Ja'afar na Rabah, ɗan amininsa, mai injin casar shinkafa. Ba tilas ya yi mata ba, Malam Sa'adu ba ya wannan. Sai dai duk sanda Ja'afar ya zo gaisuwa, tabarma sabuwa ake shimfiɗa mashi.

Inna Tani, uwar Mahbuba, ita ce ta tsare ɗiyarta a madafa.

"Ke, wanne kike so? Kar ki yi mani noƙe-noƙe, tuwo na bisa wuta."

Mahbuba ta rufe fuska da gefen mayafi. "Na Goronyo, Inna."

"To ki yi ta addu'a. Babanki ba dutse ba ne, amma ba a tura shi."

Ana haka sai bikin wata 'yar uwarsu ya taso can wani ƙauye bayan Rabah, inda waya ba ta samun sabis sai an hau tudu. Mahbuba ta tafi da Inna.

Ranar kasuwar Goronyo, tun da hantsi, batirin sola ya yanke wa Halliru wuta kwamfuta na tsakar sabunta kanta. Da anka kunna, ta ƙi tashi. Ga samari cike da benci. Ya kira Mahbuba, ba ta shiga. Sai abokinsa Uwaisu, mai tura finafinai a waya nan kusa da shi, ya zaro wani tsohon filashi daga aljihu.

"Ga Windows nan ciki. Da shi nike yi wa kowa. Kai kullum sai mace ta gyara maka? Yi da kanka, ta dawo ta ga kai ma ka iya."

Wagga magana ta ƙarshe ita ta ja shi. So yake ta dawo ta ce, Kyaftin, ashe ka koya. Ya soka filashi, ya bi duk inda anka ce ya danna. Kwamfuta ta tashi kuwa, har samari sunka yi tafi. Amma gem ya ce bai san zancen ba. Ko buɗewa ya ƙi.

Uwaisu ya leƙa wurin da ake ganin ƙarfin ram, ya yi salati da ƙarfi.

"Kai! Gig nawa ka ce ka saya?"

"Sha shidda."

"To ga uku da 'yan kai nan. Ko huɗu ba ta cika ba."

Sunka buɗe ciki, ga ram biyu zaune. Uwaisu ya taɓe baki.

"An musanya maka da ƙanana, an manna takardar manya. Haka masu gyara ke yi. Wa ya sa maka su?"

Kowa ya san wadda ta sa su. Kuma gaban samari anka yi maganar. Kun san bakin kasuwa, ba ya da ƙyaure.

Halliru ya wuni zuciya na kai da kawo. Maimakon ya jira ta dawo, sai Shaiɗan ya ba shi waya. Ya rubuta: "Mahbuba, don Allah kar ki ji haushi. Ram ɗin da na kawo maki, su ne kika sa ciki? Ko an samu kuskure da na wani? Nan uku take nunawa."

Saƙon ya same ta hanyar dawowa, cikin mota. Ta karanta, ta sake karantawa. Ba Injiniyata, ba komai. Ta amsa: "Malam Halliru, abin da ka kawo shi na sa. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Tunda har ka iya tambaya, ka riga ka ba kanka amsa. Allah shi bar kowa da halinai."

Ta kashe wayar.

Ja'afar ya je Goronyo sayen buhuna, ya tsinci zancen wajen mai shayi. Bai ƙara gishiri ba, amma bai kuma bar shi can ba. Ya kawo wa Malam Sa'adu shi da ɗuminsa, wai ana cewa ɗiyarsa ta yi wa saurayinta musanyar kaya.

Malam Sa'adu bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi daga yau ta bar zuwa shago, kuma kar ya sake jin sunan yaron Goronyo cikin gidansa. Malam George ya zo da kansa ya rantse da Allah bai taɓa rasa ko biro a hannunta ba. Malam Sa'adu ya ce, "Na sani, Malam. Ni na haife ta. Amma sunan ɗiya mace kamar farin zane ne, ba a shanya shi bakin kasuwa."

Mahbuba ta rame. Tana tankaɗe hawaye na sauka cikin gari. Inna Tani ta karɓe rariyar.

"Ke, tuwon ba ya son gishiri. Tashi ki yi alwala. Wanda ya san gaskiyarki ba ya barci."

Can Goronyo ma ba daɗi. Halliru ya rufe shago. Saƙo yake turawa ba amsa. Na ƙarshe ya ce: "Injiniyata, ban san abin da ya ci ram ɗin nan ba. Amma na san wadda ba ta ci ba. Ina nan tahe."

Uwaisu ya ce su kai Sakkwato a gwada, a san gaskiya tukuna. Halliru ya ce a'a.

"In na bari sai inji ya wanke ta sannan in yarda, to da inji na yarda, ba da ita ba."

Ya ɗaure kwamfuta da allonta bayan mashin, ya kama hanyar Wurno da rana tsaka. Bai nufi shago ba. Ƙofar gidan Malam Sa'adu ya tsaya, ya yi sallama. Ya tarar da shi zaure shina gyaran igiyar karkiya. Ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, na zo neman gahwara."

"Ka kai an duba ne?"

"Ban kai ko'ina ba, Baba. Ba wanda ya duba."

"To mi ya rage maka kayanka?"

"Ban sani ba. Amma wallahi ba ita ba ce. Ni na yi laihi da na tambaye ta. Ko kun hana ni ita, ina so ku ji wanga daga bakina."

Malam Sa'adu ya aje igiyar gefe. Sannan ya ɗaga murya, "Tani! Turo mani Mahbuba."

Ta fito idanu jawur, ta tsuguna gefen mahaifinta, ko kallon Halliru ba ta yi ba. Anka jawo wuta daga solar gidan. Ta kunna, ta duba allo, ba ta ko buɗe cikin ba.

"Baba, a tambaye shi wa ya taɓa ta bayana."

Halliru ya sunkuyar da kai. Ya faɗi komai, batun batiri, da filashin Uwaisu, da yadda ya so ta dawo ta yaba mashi.

Ta juya allon wajen mahaifinta, ta sa yatsa bisa wani layi.

"Ga shi nan rubuce. Mai talatin da biyu ya ɗora. Ita ko an cika ta da ram, ba ta iya amfani da abin da ya wuce huɗu."

"Yi mani Hausa, ɗiyata."

"Baba, kamar dam ɗin Goronyo ne cike da ruwa, mutum ya zo da tiyon wanke mashin ya ce zai ba gonar albasa ruwa. Sannan ya koma gari shina cewa an sace ruwan dam."

Malam Sa'adu ya so ya daure, dariya ta ƙwace mashi. Daga bayan zana Inna Tani ta ce, "Allah shi kyauta! Ashe ɓarawon da ƙafarsa ya kawo kansa."

Anka aika wajen Malam George ya ba da filashin shago. Kafin la'asar Mahbuba ta mai da Windows mai sittin da huɗu. Sha shidda ta fito ɓaro-ɓaro bisa allo. Halliru ya dubi lambar, ya dubi ƙasa.

"Ki yahe mani."

"Na gaya maka tun farko kar a sauya."

"Kin gaya mani. Ban ji ba."

"Mi kake yi da ba ka ji ba?"

Ya sosa ƙeya, don gaban uba ba a faɗin wannan amsa. Ita ma ta gane, ta ja hijabi ta rufe baki.

Malam Sa'adu ya ce, "Ba a gama ba. Nan zaurena ba a ɓata sunanta ba. Inda anka ɓata shi, can za a gyara."

Ranar kasuwa ta zagayo. Malam Sa'adu ya kai albasarsa Goronyo, ya sallami dillali, ya tako har shagon gem, ya tsaya bakin ƙofa. Halliru ya tsai da wasa ana tsakar bugun fanareti, samari na ƙorafi. Ya hau bisa benci.

"Ku saurara. Maganar da kunka ji, cewa injiniyar Wurno ta musanya mani ram, ƙarya ce. Ni na ɗora abin da ba shi ne ba da hannuna, don in nuna na iya, alhali ban iya ba. Ga sha shidda nan, kowa ya zo ya gani. Wanda ya kai waccan magana wani wuri, ya kai wagga ma."

Uwaisu ya miƙe ya ce shi ma a yafe mashi, bakinsa ne ya yi gudu. Wani daga baya ya ce, "Kyaftin, a karɓe filashin nan a jefa dam!" Anka bushe da dariya.

Ana cikin haka ladan ya kira azahar. Malam Sa'adu na kallo, tun kafin Halliru ya ce komai samari sunka aje abin bugawa, sunka fara naɗe hannun riga. Wani ya ja buta. Halliru ya kashe allo, ya jawo ƙofa.

Malam Sa'adu ya tare wani saurayi. "Don na zo ne kuke wanga?"

"A'a, Baba. Dokar shagon ce tun ranar da anka buɗe. Wanda bai je masallaci ba, ba ya buga na la'asar."

Sahu guda sunka yi salla. Da anka sallame, Malam Sa'adu ya dafa kafaɗar Halliru.

"Ɗana, wauta kam ka yi ta. Amma wanda ya iya hawa benci ya ce ni ne, ya iya riƙon gida. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Ja'afar da ya ji, da kansa ya zo ya ba Malam Sa'adu haƙuri kan zancen da ya ɗauko bai tantance ba. Ranar biki ma shi ya aiko da shinkafar walima.

Mahbuba ta koma shago. Saƙon farko da ta tura bayan ta kunna waya shi ne: "Kyaftin, na duba haƙora. Akwai guda da ya ɗan karkace, amma zai yi huɗa."

Ya amsa: "Injiniyata, hasken idona, ni dai a ɗaura mani karkiyar. Duk inda kika ja, nan za ni."

Bayan an kwashe albasa anka ɗaura aure ranar Juma'a a Wurno. Mutanen Goronyo sunka zo mota-mota, samarin shago bisa mashina suna ta hon. Malam George da matarsa Maureen sunka kawo wa amarya akwatin kayan gyara sabo fil, Maureen na cewa ko gidan miji kar ta yarda ta aje sukundireba. Halliru ya riga ya yanka mata gefe guda na shagonsa, ya sa teburi da labule, don masu kawo gyara.

Da za a tafi da amarya, Malam Sa'adu ya kira su biyu zaure. Ya ce, "Ni ban san kwamfuta ba, shanu na sani. In ɗaya ya ja gaba ɗaya ya ja baya, kunyar gona ba ta miƙewa. In ɗaya ya yi tuntuɓe, ɗayan tsayawa yake har ya tashi. Ku tahi, Allah shi yi maku albarka."

Inna Tani ta share ido da bakin zane, ta ce, "Kai kuma Halliru, in abu ya lalace gidanka, tambayi matarka kafin ka tambayi Uwaisu."

"Na ji, Inna."

Mahbuba ta ɗan ɗaga mayafi, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Ka ji da gaske, ko irin jin can farko?"

"Wanga karon da kunne na ji. Ido ya riga ya samu nashi."

Allah shi ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, shi kau da bakin mutane daga tsakaninsu, shi sa su ja karkiyarsu tare har tsufa. Namu 'ya'yan da ba su yi ba, Allah shi haɗa kowa da irin nashi. Amin.